Shekarar da Yaya Ya Hana Baba Tuwo

Mahaifinmu dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari. A Gumel muke zaune, amma kowace Alhamis da sassafe yake hawa mota ya tafi, ba ya dawowa sai rana ta yi ja. Dogon mutum ne mai ƙirar ƙarfi, ko da ya haura sittin yana iya riƙe igiyar bijimi shi kaɗai har a gama ciniki. Mutanen Damagaram da Buzayen da ke kawo dabbobi daga ƙetaren iyaka sun san shi, da yawansu ba sa sauka a hannun kowa sai nasa. Kuma Baba maciyi ne, bai taɓa ɓoye hakan ba. Koko da ƙosai da safe, fura da nono mai kauri da rana, bayan magariba tuwon gero da miyar kuka, Inna ta zuba masa man shanu har ya kwanta a kan miyar. Ranar kasuwa kuwa ya dawo mana da balangu a takarda, ya zauna a tsakar gida yana rabawa yana ci.

Mu biyu Allah Ya bar wa iyayenmu, ni da Yaya. Ya girme ni sosai, kuma tun tasowarmu jininmu bai haɗu ba. Shi irin mutanen nan ne da idan suka karanta abu da safe, kafin azahar duk wanda bai karanta ba ya zama jahili a wurinsu. Baba ya sayar da shanu masu yawa don karatunsa, har ya gama jami'a ya kama aiki a Kano. Da aka ƙirƙiro Jigawa aka mayar da shi Dutse, kuma da yake a lokacin babu gidajen zama a can, sai ya dawo da iyalinsa sashensa na gidanmu a Gumel, shi kuma yana zuwa duk ƙarshen mako. Ni a lokacin ina Gagarawa, ina koyarwa a firamare, maigidana yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Abin ya faro ne daga jiri. Wata Alhamis Baba yana tsaye a kara, wurin cinikin shanu, rana ta take, sai ya ji ƙasa tana juyawa. Abokan sana'arsa suka zaunar da shi, washegari aka kai shi asibiti. Likita ya ce jininsa ya ɗan hau, ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya rage gishiri da kitse. Iyakar abin da aka faɗa ke nan, Inna tana wurin, ita ta gaya min.

Yaya ya iso ranar Juma'a da yamma da wata mujallar Turawa a hammatarsa. Ashe ya jima yana bin wani tsarin cin abinci da ya karanta a ciki, har tumbin da ya ajiye a Kano ya zube, yana ta nuna wa mutane ramin bel ɗinsa. Ya tara Baba da Inna ya yi musu huɗuba. A cewarsa mutanen farko ba su san noma ba. Naman daji suke ci da ganye da 'ya'yan itatuwa, shi ya sa ba su san hawan jini ba, ba su san ciwon sukari ba. Duk cutar da ke damun ɗan Adam, in ji shi, daga hatsi ta shigo, da nono, da mai, da wake da gyaɗa. Ya sa wa tsarin suna abincin kakanni. Kuma tunda likita ya ce Baba ya rage kitse, sai Yaya ya haɗa dokar likita da tasa, ya ce naman ma sai jan zalla, a yanke duk wani fari-fari a zubar.

Ranar da na fara jin wannan magana dariya na yi, don na zaci wasa ne. Na tambaye shi waɗanne kakanni yake nufi, don namu dai manoman gero ne a ƙasar Sule Tankarkar, kaburburansu ma a gefen gonaki suke. Ya dube ni kamar yadda ake duban ɗan aji ɗaya, ya ce kakannin kakanni yake nufi, kuma ba zai tsaya yi wa malamar firamare bayanin kimiyya ba. Har da kawo karin magana, wai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce masa masu karin maganar ba haka suke nufi ba. Ya ce yanzu dai haka take nufi.

Mutane sukan tambaye ni yadda aka yi mutum kamar Baba, wanda ko Buzu mai takobi ba ya yi masa tsawa, ya yarda ɗansa ya raba shi da tuwo. Dalilai biyu na sani. Baba bai yi boko ba, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar karatun Yaya. A ce yau ya gaya wa Yaya bai san abin da yake faɗa ba, a wurinsa kamar ya ce shanun da ya sayar sun tafi a banza ne. Sannan akwai wani amininsa a unguwarmu da ɓarin jikinsa ya shanye a shekarar, sai an kwantar sai an tayar, yawu yana zuba a gefen bakinsa. Baba ya fi tsoron wannan fiye da mutuwa. Yaya ya san haka, kuma da shi ya yi amfani. Duk sanda Baba ya ɗan yi ƙorafi sai Yaya ya ambaci sunan mutumin nan, ya tambaye shi ko haka yake so ya ƙare. Wannan ban taɓa ganin sa a matsayin kuskure ba. Mugunta ce, ko da shi bai kira ta haka ba.

Haka aka sauya tukunyar Baba. Zogale dafaffe ba ƙuli, don ƙuli gyaɗa ne. Rama, yaɗiya, tafasa, kabewa. Ɗan jan nama ko ƙirjin zabo a tafasa shi da ruwa da albasa, kuma ba kullum ba, don nama ya yi tsada a shekarun nan, komai ma ya yi tsada. In an samu fara a soya ta ba mai. Da rana, lokacin da ya saba shan furarsa, sai a kawo masa magarya da goruba da aduwa a faifai, kamar yaron da ya dawo daga kiwo. Inna ce ke dafawa da hannunta. Ita mace ce da ba ta iya musu ba, in abu ya dame ta sai dai ta yi ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Matar Yaya kuma, ko tana so ko ba ta so, ita ce idonsa, ranar Juma'a sai ta ba da rahoton abin da ya shiga kwanon Baba.

Zuwa Gumel daga Gagarawa ba nisa ba ne, amma lokacin wahalar man fetur ne, sai mutum ya wuni a tasha motar haya ba ta cika ba, ko ta cika babu mai. Don haka sai in ɗauki makonni ban je ba, kuma wannan ya sa na fi mutanen gidan ganin abin da ke faruwa. Su suna ganin sa kullum, ni kuwa duk zuwan da zan yi sai in tarar an rage min wani abu daga mahaifina. Da farko wuyansa ne ya yi tsawo. Daga baya babbar rigarsa ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Sai ya fara gyangyaɗi a kan dakali da hantsi, mutane suna gaishe shi yana firgita. In na tambaye shi jiki sai ya ce, “Lafiya lau, uwata. Kasala ce kawai.” Sunan mahaifiyarsa aka sa min, haka yake kira na.

Na yi wa Yaya maganar kasalar. Ya ce alama ce mai kyau, jiki ne yake wanke dattin shekara sittin, shi ma ya yi ta a farko. Na ce shi yana zaune a ofis ƙarƙashin fanka, Baba kuwa da bijimai yake kokawa. Ya ce mutanen farko da zaki suke kokawa.

Azumi ya zo a cikin wannan hali. Na je shan ruwa gida wata Asabar, na tsaya a Gagarawa Tasha na sayi fura mai kyau a wurin wata Bafulatana da na saba da ita, da nono kindirmo. Na dama da kaina a ɗakin Inna, na kai wa Baba a ƙwaryarsa ta da, ana gab da kiran salla. Na ga yadda ya dube ta. Ya ɗauki ludayin. Sai ga Yaya ya shigo da butarsa, ya tsaya a kanmu. Ya sunkuya ya ɗauke ƙwaryar daga gaban mahaifinsa, ya nufi turken awaki ya juye musu a kwanonsu.

Na miƙe na bi shi. Na ce, “Yaya, mai azumi ka ƙwace wa abin buɗa-baki. Ubanka.”

Ya ce, “Don ubana ne. Ke kike son kashe shi da ƙauna irin ta jahilai.”

Na faɗa masa maganganu da yawa a ranar, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Na ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma shi nasa ƙuƙumin a wuyan wani ya ɗaura. Na ce in yana son zama mutumin daji ya tafi dajin, ya bar mana ubanmu. Shi kuma ya ce ba a gidan nan nake ba yanzu, in koma gidan mijina in yi mulki a can. Baba ne ya raba mu, da murya ƙasa-ƙasa, ya ce min in bar shi, yayana ne, kuma ya fi mu sani. Ya sha ruwa, ya ci dabino, don dabino ya tsira daga dokar, sannan ya yi sallar magariba a zaune. Ranar na fara ganin Baba ya yi salla a zaune. Awakin kuwa suka lashe kwanon tas.

Bayan salla ƙarama Baba ya koma kasuwa, amma ba a daɗe ba aka dawo da shi da rana tsaka. Wani ɗan maraƙi, ba ma bijimi ba, ya fizge igiya daga hannunsa ya ja shi ƙasa a gaban mutane. Wani abokin sana'arsa da ya rako shi gida ya gaya wa Inna cewa da farko dariya aka yi, an zaci santsi ne, sai da aka ga ya kasa tashi sannan aka daina dariyar. Daga wannan ranar Baba bai sake taka Maigatari ba. Baƙinsa na Damagaram suka yi ta tambayarsa, wasu har gida suka zo duba shi da tsarabar cuku, wanda shi ma ba a bar shi ya ci ba. Daga baya suka koma hannun wasu dillalan, ba kuma laifinsu ba ne, dabba ba ta jiran mai jinya.

Na ɗauka wannan zai girgiza Yaya. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki Baba ya kai shi Kano, wani wurin gwajin jini na kuɗi, don ya rufe min baki. Ba wurin likita ya kai shi ba, gwajin kawai ya biya aka yi, na maiƙon da ke cikin jini, wanda suke kira kolastarol. Ya aiko a kira ni musamman. Na tarar da shi a tsakar gida fuskarsa kamar gonar auduga. Ya ce maiƙon jinin Baba ya sauka ƙasa sosai, ko saurayi ɗan ashirin ba zai nuna masa ba, har mai gwajin ya yi mamaki. Ya ce yanzu jijiyoyin Baba sun fi nawa tsabta, in ina da sauran magana in faɗa.

Na dubi Baba. Yana jingine da bango a kan buzunsa, ya yi barci a tsakiyar bikin da ake yi don shi, bakinsa a ɗan buɗe. Na ce wa Yaya ga amsata can a jingine. Ya ce ni dai ba na son gaskiya in daga bakinsa ta fito. A nan bai yi ƙarya ba, ba na son komai daga bakinsa a lokacin, amma ko maƙiyi ya ce maka tsoho yana ƙarewa ai sai ka waiwaya ka duba.

Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko. A lokacin ne Inna ta yi abin da ban taɓa zaton za ta iya ba. Ta aiko min da saƙo ta bakin wani direban motar haya ɗan unguwarmu, a ɓoye, cewa in zo ranar aiki, kada in bari sai Juma'a. Na nemi izini a makaranta, maigidana ma ya ajiye aikinsa muka tafi tare. Inna ta ja ni ɗaki ta ɗaga zanen da ke ƙafafun Baba. Sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Cikinsa ma ya fara tasowa, ga haƙarƙari a waje ana iya ƙirgawa. Ta ce in dubi idonsa a haske. Farin ya koma kalar ruwan ɗorawa. Ta ce ta nuna wa Yaya tun makon da ya wuce, ya ce rashin motsa jiki ne, a riƙa zagayawa da shi.

Ba mu nemi izinin kowa ba. Matar Yaya tana tsaye a ƙofar sashensu tana kallo muka fito da shi, ba ta hana ba, har ma ta ɗauko masa hularsa. Maigidana ya samo mota muka kai shi asibiti.

Likitan da muka samu wani Kirista ne mutumin Filato, ya daɗe a ƙasarmu, Hausarsa ta nuna. Ya kwantar da Baba, ya danna cikinsa a hankali, ya buɗe idonsa, ya dubi tafin hannunsa. Ya tambayi abin da yake ci, Inna ta lissafa masa. Ya tambayi tun yaushe, ta faɗa. Sannan ya tambayi wa ya rubuta masa wannan. Inna ta sunkuyar da kai. Ni na ba da amsa, kuma ban rage komai ba.

Aka kwantar da shi, aka yi gwaje-gwaje. Bayan 'yan kwanaki likitan ya kira ni da maigidana ofishinsa. Ya ce hantar Baba ce ta kamu, kuma ciwon ya daɗe yana cin ta a ɓoye, tun kafin jirin da ya yi a kasuwa wataƙila. Ya ce hanta ce ke haɗa mafi yawan maiƙon nan na jini, in ta gaza sai ya yi ƙasa, yunwa ma tana sa shi ya yi ƙasa, Baba kuwa ya haɗa duka biyun. Don haka saukar da aka yi wa murna, a wurin tsohon da ke ramewa yana kasala, dalilin kawo shi asibiti ne da gaggawa. Ya ce mai ciwon hanta abinci yake buƙata, a ba shi kunu, a ba shi tuwo mai laushi, fura, duk abin da ransa ya karɓa, gishiri kawai za a kiyaye saboda kumburin.

Na tambaye shi kai tsaye ko abincin nan ne ya jawo masa ciwon. Ya ce a'a, ba zai faɗi haka ba. Na sake tambaya ta wata hanyar, ko da an kawo shi da wuri zai warke. Ya ce wannan sanin Allah ne, irin wannan ciwon ba kasafai ake warkewa ba, amma da an zo da wuri da ya fi haka ƙarfi, da kuma bai sha wannan wahalar ba. Na ji haushin likitan nan a ranar. So nake ya ba ni magana ɗaya mai kaifi da zan soka wa Yaya, shi kuwa ya tsaya a kan iyakar abin da ya sani.

Yaya ya dawo ranar Juma'a ya tarar da gida babu Baba. Ya iso asibitin ransa a ɓace, kuma abin da ya fara tambaya shi ne wa ya ba mu izinin ɗaukar mahaifinsa ba da saninsa ba, shi ne babba. Ya shiga wurin likita ya daɗe. Da ya fito sai na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka, na ce a raina yau dai zai faɗi abin da ya kamata. Muna tsaye a barandar ɗakin marasa lafiya, mata suna wanke kwanuka a bakin famfo. Ya gyara tsayuwa ya ce min, “Kin ji dai da kunnenki. Ya ce ba abincin ne ya kawo ciwon ba.”

Duk bayanin da likita ya yi, wannan kaɗai ya tsinta ya sa a aljihu.

Na ce, “Wata nawa kana kallon sa yana narkewa kana cewa wanka jikinsa yake yi? Ka hana shi ci, ka hana shi asibiti, ka raba shi da kasuwarsa. Ko sannu ba za ka ce masa ba?”

Ya ce shi niyyarsa alheri ce, kuma Allah niyya yake dubawa. Na ce to Allah Ya duba, ni dai ƙafafun Baba nake dubawa. Maigidana ya ja ni gefe, don mutane sun fara taruwa.

Aka sallami Baba da magunguna bayan kumburin ya ɗan sauka. Inna ta koma kan tukunyarta ta da, ba wanda ya sake ce mata uffan. Ta yi masa kunun tsamiya, ta yi tuwon gero mai laushi, ta nemo man shanu mai kyau. Sai dai cin ya riga ya tafi. Ya kai loma biyu ko uku ya ture kwanon, ya ce komai ɗaci yake masa. Furar ma da na sake kawowa, ya kurɓi kaɗan don ya faranta min, ya ce ta yi daɗi, na kuwa san bai ji daɗin komai ba. Watannin da bakinsa ke so kuma cikinsa ke karɓa, su aka cinye masa da magarya da dafaffen ganye. Duk abin da zan iya yafewa a cikin labarin nan, wannan ba ya ciki.

Baba bai taɓa zargin Yaya ba, ko sau ɗaya. Na so ya yi. Wata rana ina matsa masa ƙafa na fara maganar, sai ya ɗaga min hannu ya ce shi ya sa yaron nan a makaranta, abin da ya koyo ya kawo masa, in da kuskure to a raba musu su biyu. Na bar maganar don ba a musu da mara lafiya, amma ban yarda ba, har yau ban yarda ba.

Da kaka ta yi ya ce a kai shi ƙauyensu a ƙasar Sule Tankarkar, wurin ƙanwarsa, yana son ya ga amfanin gona. Yaya ya ce hanyar ba kyau, yashi ne, kuma babu asibiti kusa. Wannan karon Baba bai saurare shi ba. Muka kai shi. Geron shekarar ya yi kyau. Kullum da hantsi sai a shimfiɗa masa tabarma a gindin wata tsamiya da ke bakin masussuka, ya zauna yana kallon ana ɗaure dammuna ana kaiwa rumbu, yana gyara wa samari ɗauri da baki. Wani Bafulatani ya biyo da shanunsa ta wurin, Baba ya sa aka tsayar da shi, ya dubi wata karsana ya faɗi watannin cikinta, mai shanun ya riƙe baki. Ranar Baba ya yi dariya sosai. A ƙauyen ya cika, kafin a gama shigar da hatsi, da rana bayan azahar, Inna da ƙanwarsa suna kansa. A can aka binne shi.

A zaman makoki, mu mata muna cikin gida, maza suna waje a rumfa, zana ce kawai tsakaninmu. Ina jin masu ta'aziyya suna tambayar abin da ya same shi. Sai na ji muryar Yaya yana yi musu bayani, a nutse, kamar mai ba da lacca. Yana cewa ciwon hanta ne, kuma ba don tsarin abincin da ya ɗora shi a kai ba da tuni hawan jini ya kayar da shi, Allah Ya sa dai jininsa a tsabtace ya koma ga Mahaliccinsa. Wasu dattawa suna cewa Allah Ya saka masa da alheri, ɗa na gari ke nan.

Na tashi zan fita rumfar, gwaggonmu ta riƙe min zane. Sai na aika a kira shi. Ya shigo soro, na same shi a can. Na ce masa in ya sake ambaton abincin nan a wurin makokin ubana, zan fito gaban mutanen nan in ba su labarin ƙwaryar fura da awaki. Ya dube ni ya ce baƙin ciki ne ke sa ni magana, ya yafe min. Shi ne ma mai yafewa. Amma bai sake ambata ba har aka tashi.

Shi kansa bai yi shekara ba ya watsar da tsarin. Ba sanarwa, ba bayani. Matarsa ce ta faɗa min wai ulsa ta fara damunsa. Tumbinsa ya dawo har ya fi na da. Daga baya ya kama wani sabon abu, na shan ruwan ɗumi da lemon tsami, ya yi ta damun mutanen ofishinsu da shi, bayan wannan kuma wani.

Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan Baba, kuma babu abin da ta fi roƙo na kamar in saki raina da ɗan'uwana. Saboda ita nake gaishe shi ranar salla da wurin biki ko rasuwa, in ce Yaya ina wuni, ya ce lafiya, shi ke nan. 'Ya'yansa suna zuwa gidana hutu, ina son su, ba ruwansu. Malamai sun yi min wa'azi a kan zumunci, na ji, kuma ban yanke ba. Abin da nake jira bai fi kalma uku ba, ya ce, “Na yi kuskure,” ko a bayan idona ne a kawo min labari. Yanzu dukanmu mun yi furfura, ya yi ritaya ya dawo Gumel, bai faɗa ba.

Shekarun baya maigidana ya kwanta rashin lafiya, likita ya ce sukarinsa ya hau. Labari ya kai wa Yaya, sai ga shi a Gagarawa da wata jaka cike da ganyayyaki da saiwoyi, wai ya zo da shawara. Maigidana mutum ne mai kara, ya karɓe shi a zaure, suka gaisa. Na aika masa da ruwa da abinci kamar kowane baƙo. Jakar kuwa na ce a mayar masa da ita mota tun kafin ya gama cin abincin, kuma a gaya masa ni na ce.